Saje Dabo da Waƙoƙin Daɓe na Gobarau

A shekarar 1999, wadda soja suka miƙa mulki ga farar hula, Malam Dabo Badamasi ya ajiye aikin ɗan sanda ya dawo Katsina da zama. Duk shekarunsa na aiki a sashen badujala ya yi su, yana busa begila a fareti da bukukuwan gwamnati a Kaduna da Jos da Maiduguri, har ya kai muƙamin saje. Bai taɓa kama ɓarawo ba, kuma shi da bakinsa yakan faɗi haka yana dariya. Abin da ya dawo da shi gida, ban da tsohuwar begilarsa, wani ilimi ne da ba kowa ke da shi a birnin ba a wancan lokaci: ya iya karanta rubutun kiɗa, ya kuma iya rubuta shi. Rubutun layuka biyar ne a jere, ana ɗora musu ɗige-ɗige, kowane ɗigo yana nuna sauti ɗaya, da hawansa ko saukarsa da kuma tsawonsa. Idan waƙa ce, sai a rubuta kalmominta a ƙarƙashin layukan, kowace gaɓa daidai ƙasan ɗigon da ake rera ta a kai.

An haife shi a unguwar Gobarau a farkon shekarun 1950, shi ne ɗan fari ga Badamasi magini da matarsa Iklima. Mahaifin ya rasu tun Dabo yana aiki a Jos. Da ya dawo, sai ya zauna a gidan da ya gina a Kambarawa, ya ɗauko mahaifiyarsa daga tsohon gida ya ba ta ɗaki a ɓangaren matarsa Zuwaira. Ba a jima ba wata makarantar sakandare ta 'yan mata ta ɗauke shi yana koya wa ɗalibai fareti da waƙoƙin taro. Da a nan labarinsa ya tsaya, da ba shi da bambanci da na sauran tsofaffin ma'aikata da suka cika unguwar. Abin da ya ware shi shi ne aikin da ya ɗora wa kansa a kan waƙoƙin daɓe.

Kafin siminti ya wadata, daɓe ake yi wa ƙasan ɗaki, kuma aikin mata ne. Magini yakan gama gini ya yi rufi, sannan matar gida ta aika wa maƙwabta ta sa rana. A ranar sai a zuba ƙasa da tsakuwa, a yayyafa ruwa, mata su durƙusa a jere kowace da madaɓinta, wato guntun itace mai faɗin ciki, su yi ta bugun ƙasa har ta kwanta ta yi santsi. Daga baya a bi ta da ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, domin ta yi ƙarfi. Aikin yana da wahala, kuma ba ya kyau sai hannuwa sun sauka tare. Waƙa ce ke haɗa hannuwan: mace ɗaya tana bayarwa, sauran suna amshi, madaɓai suna riƙe da kari.

Hajiya Iklima tana cikin masu bayarwa na Gobarau, kuma da yake mijinta magini ne, da wuya a yi daɓe a unguwar ba ta je ba. Lokacin da ɗanta ya dawo, an daɗe ba a yi daɓe a wajen ba, matan da suka durƙusa tare da ita yawancinsu sun rasu, ita kuma tana fama da tari da sarƙewar numfashi, ba ta iya jan baiti da yawa ba ta tsaya ta huta ba. Malam Dabo ya lura cewa in muryar nan ta tafi, waƙoƙin sun tafi ke nan. Bai yarda da kaset kaɗai ba, domin ya sha ganin rakoda ta cinye zaren kaset a ɗakin ajiyar badujala. Takarda yake so, wadda wanda bai taɓa jin waƙar ba zai iya ɗauka ya rera ta daidai.

Sai dai akwai wata matsala da kowane Bakatsine zai gane. Shi ɗan fari ne. Hajiya ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zaman hira da shi, balle ta buɗe baki ta yi waƙa a gabansa. In ya zama dole ta ambace shi, sai ta ce Saje. Saboda haka Zuwaira ce ta zama tsani. Bayan la'asar takan ɗauko gyaɗa ko shinkafar tsinta ta zauna kusa da surukarta, ta ajiye rakoda a gefen tabarma, ta ja ta da hira har a gangaro kan zamanin daɓe. Tsohuwar ta san da rakodar, ta kuma san wanda ake ɗaukar wa. Sharaɗinta ɗaya ne, kada ya zauna inda za ta gan shi. Shi kuwa yakan shimfiɗa buzu a zaure, ya kasa kunne, yana jin muryar daga nesa tare da bugun tafin hannunta a kan tabarma.

Da farko da hannu yake rubutawa, yana ja wa kansa layuka da rula. A wajen zaɓen 2003 ne ya haɗu da Shehu, wani magidanci mai shagon kwamfuta a bakin titin unguwar, wanda ke buga katin biki da hotunan 'yan takara. A cikin wani faifai da aka kawo wa Shehu daga Kano akwai manhajar rubuta kiɗa, ya sa ta a kwamfutarsa don sha'awa, ya buɗe ya ga layuka biyar babu komai, ya rufe. Ranar da Malam Dabo ya kawo takardunsa a yi masa kwafi, Shehu ya dubi layukan ya ce ya san inda ya taɓa ganin irinsu.

Daga nan suka zama abokan aiki, ko da yake kowannensu rabin ilimin yake da shi. Shehu bai san abin da ɗigo ɗaya ke nufi ba, Malam Dabo kuma bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Shehu ya shaida mini cewa a ranar farko tsohon sajen ya damƙi linzamin kamar zai murƙushe shi.

"Saje, sassauta hannu," in ji Shehu. "Ba mai laifi ba ne, ba zai gudu ba."

"Ai ko mai laifin ban taɓa kamawa ba, Malam Shehu. Nuna mini inda ake sa maganar."

Sa ɗigon bai ba su wahala ba kamar sa kalmomin. Sai an taɓa ɗigon farko, a buga gaɓa ɗaya, a danna karan ɗori, sannan manhajar ta tsallaka ɗigo na gaba. In kalma ta ƙare, a danna dogon maɓallin ba da tazara. In kuma gaɓa ɗaya ce aka ja ta a kan sautuka da yawa, sai a bi ta da dogon layi a ƙasa har inda numfashin ya tsaya. Duk wanda ya manta gaɓa ɗaya a farkon baiti, to sauran kalmomin duka za su zame su zauna a ƙarƙashin ɗigon da ba nasu ba, sai an koma an warware. Baiti na biyu yana zama a ƙasan na farko, kuma in gaɓarsa ta fi ta sama faɗi, sai ɗige-ɗigen su buɗa, layin ƙarshe ya faɗa shafi na gaba. Haruffa masu lanƙwasa kuwa babu su a manhajar, don haka Malam Dabo yakan jira takarda ta fito daga firinta, ya bi kowace ƙ da ɗ da ɓ ya ɗora mata ƙugiyarta da biro. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne kwamfutar tana iya kaɗa sautin da ya rubuta da muryar fiyano, amma ba ta iya furta ko gaɓa ɗaya daga cikin kalmomin. Yakan ce ya samu makaɗin da ba ya gajiya, amma bebe ne.

Haka suka yi ta tafiya har suka zo kan waƙar da Hajiya ta ƙaga da kanta, ranar da aka yi daɓen ɗakinta bayan mijinta ya sake gina shi. Ga yadda farkonta yake a kaset:

*Ni Iklima ke bayarwa, ku buga mata,*
*Ɗakin … ne, ba a barin rami.*

Masu amshi kuma su ce:

*Ƙasa ta kwanta, makuba na tafe.*

A wurin da na sa ɗige-ɗige, Hajiya takan rufe baki ta ja murya a maƙogwaro ba kalma, sauti huɗu, sannan ta ci gaba. Babu wani abin ɓoye a nan. Sunan mijinta ne, Badamasi, gaɓa huɗu, kuma macen zamaninta ba ta kiran sunan miji. Malam Dabo ya san haka tun yana ƙarami. Abin da ya dame shi shi ne yadda wurin ya fito a gilashin kwamfuta: ɗigo huɗu a tsaye, babu komai a ƙarƙashinsu. A badujala an koya masa cewa ɗigon waƙa da ba shi da gaɓa kuskuren marubuci ne, domin mai rerawa in ya iso wurin, ko dai ya yi shiru ko ya ƙaga nasa.

Shehu ya ba da shawara a bar wurin yadda tsohuwar ta bar shi. Malam Dabo ya ƙi, kuma hujjarsa ba ta wauta ba ce.

"Ni ma ɗansa ne," in ji shi. "Ban taɓa tsayawa gabansa na kira sunansa ba. Amma tun ina firamare nake rubuta shi a bayan nawa, ba wanda ya ce na yi rashin kunya. Rubutu daban, baki daban. Kuma mutumin nan ya gina rabin ɗakunan Gobarau, babu inda aka rubuta sunansa. A nan ma a hana shi?"

"To, Saje, kai ne mai uwa kai ne mai uba. Ni dai maɓalli nake dannawa."

Ya danna. Ba, karan ɗori, da, karan ɗori, ma, karan ɗori, si. Gaɓoɓin suka zauna daram a ƙasan ɗigon, kamar don su aka yi wurin, kuma lallai don su aka yi shi.

A shekarar da ta biyo baya shugabar makaranta ta amince ɗalibai su rera waƙar a bikin yaye 'yan ajin ƙarshe. Malam Dabo ya sa kafinta ya sassaƙa madaɓai, ya raba takardu, ya koya wa ɗalibai durƙuso da bugu. Da gwaji ya fara kyau sai ya ɗauka a kaset, ya kawo gida cike da murna, ya ba Zuwaira ta kunna wa Hajiya, shi kuma ya koma zaure. Abin da ya faru a tsakar gida Zuwaira ce ta ba ni labarinsa, kuma mijinta bai musa ko kalma ɗaya ba.

Da bugun ya fara, tsohuwar ta yi dariya har da tari.

"Waɗanga ɗiya ba su ci tuwo ba? Hannu kamar na mai korar ƙuda! Da a Gobarau ne, da mun tashe su sun koma ɗibar ruwa."

Sai ɗalibar da ke bayarwa ta ɗaga murya ta ce ita Iklima ke bayarwa, ta zarce baiti na biyu, ta furta sunan tiryan-tiryan. Dariyar ta tsaya.

"Kashe abin nan, Zuwaira."

Zuwaira ta kashe.

"Wa ya sa mini wanga a baki?"

"Hajiya, ai ba ke kika faɗa ba. Ɗaliba ce."

"Ba ta ce ita ce Iklima ba? Ko akwai wata Iklimar da ta yi daɓen ɗakin nan? Iyakar zamana da mutumin nan, ko a cikin fushi ban kira shi ba. Yanzu shina kwance a ƙasa, an tashe ni na kira shi gaban malamai maza, har da maimaitawa. Hwaɗa ma Saje na gama. Abin da ya ɗauka ya ishe shi."

Tun daga ranar, in ta ga Zuwaira ta nufo ta da rakoda sai ta jawo carbi. Ba ta yi faɗa ba, ba ta ƙi cin abinci ba, tana amsa gaisuwar ɗanta da safe kamar kullum, a taƙaice, fuska a gefe. Waƙa dai ta rufe. Abin da ya ƙara tayar wa Malam Dabo hankali shi ne ta taɓa gaya wa Zuwaira cewa abin da aka ɗauka bai kai rabin abin da ke kanta ba. Damina kuma ta shigo, sanyin ruwa ya tayar mata da tarin, har aka kwantar da ita asibiti na ɗan lokaci.

Ya yi abin da kowa zai yi tsammani. Ya koma shagon Shehu ya goge gaɓoɓin nan huɗu, ya karɓe tsofaffin takardu daga hannun ɗalibai, ya koya musu su rufe baki su ja murya a maƙogwaro a wurin, ya sake ɗauka a kaset. Bayan an sallamo Hajiya, Zuwaira ta kai mata ban haƙurinsa, ta roƙe ta ta saurara. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce:

"Wanga kuma zaman makoki ne? Wa ya mutu a ɗakin?"

Kuma ba ta koma waƙa ba.

Wannan amsa ce ta ɗaure wa Malam Dabo kai. An sa suna ta ƙi, an cire ta ƙi, alhali cirewar ita ce daidai abin da ta rera da bakinta a kaset. Ya yi ta maimaita kaset ɗin da Hajiya ta rera a zaure yana neman abin da ya tsallake, bai samu ba. Tambayarta kai tsaye kuwa ba ta taso ba, domin ba zai yiwu ɗan fari ya zauna da mahaifiyarsa su tattauna yadda ake furta sunan mahaifinsa ba. Ko ta bakin Zuwaira, tsohuwar ba za ta ɗauki zancen ba. Zuwaira ce ta tuna masa da Gwaggo Saudatu, taubashiyar marigayi Badamasi, wadda take zaune har lokacin a wani lungu kusa da hasumiyar Gobarau, kuma ban da Hajiya ita kaɗai ta rage cikin matan da suka yi daɓen ɗakin.

Ya je mata da hantsi, da goro da rakoda. Aka gaisa, aka tambayi gida da iyali da jikin Hajiya da ruwan bana, aka sake zagayowa. Sannan ta ƙare masa kallo.

"Ɗan magini, har yanzu kana busa ƙahon nan, ko haƙora sun hana?"

"Suna nan, Gwaggo, sai dai biyu da suka yi ritaya tare da ni."

"Ubanka ma haka ya yi, bakinsa kamar katangar da ya gina wa kawuna. Mi ya kawo ka? Kai ba ka zuwa sai da dalili."

Ya kunna mata kaset na biyu, wanda ɗalibai suka rufe baki a wurin sunan. Ta karkata kai tana bin bugun da yatsa a kan gwiwa. Da aka iso wurin, kafin ya ankara, tsohuwar ta buɗe baki ta kwarma sunan da ƙarfin da ya sa kaji suka watse daga bakin ƙofa.

"Badamasi!"

Ta fashe da dariya, ta share ido da gefen mayafi.

"Wa ya ce maka wurin shiru ne? Wurina ne! Ita ta rufe baki, ni in hwaɗa daga can ƙarshen layi. Sai ta ɗaga madaɓi kamar za ta jefe ni, mata su kwashe da shewa, bugu ya ƙara zafi. Don wurin nan ake son waƙar. In ba a kira shi ba, wa zai san ɗakin wa ake daɓewa? In kuma ita ta kira shi, ina ta sa idonta?"

"To, Gwaggo, mi ya sa ba a ji haka a kaset ɗin da ta yi ba?"

"Kai ɗan magini, ita kaɗai kuka zaunar a tabarma. Ni kun kira ni?"

A cewar Gwaggo Saudatu, kowace mai bayarwa a cikin matan layinsu tana da wadda ke cika mata irin wannan gurbi, kuma ba kowa ake bari ba, sai wadda ke da wasa da mijin: taubashiya, ko matar wansa, ko jika in ta girma. Ban samu shaidar da za ta sa in ce haka ake yi a ko'ina cikin birni ba, don haka na tsaya a kan abin da ta faɗa game da matan da ta sani. Ga Malam Dabo kuwa wannan ya wadatar. Sunan yana cikin waƙar tun asali, sai dai ba a bakin mai bayarwa yake ba. Takardarsa ta farko ta sa shi a bakin da bai dace ba, ta biyu kuma ta fitar da shi daga ɗakin gaba ɗaya.

Gyaran ya ci musu lokaci a shagon Shehu. A da jeri biyu ne a shafin, na mai bayarwa a sama, na amshi a ƙasa. Yanzu sai da aka ƙara jeri na uku a tsakani, wanda babu komai a cikinsa tun daga farko har ƙarshe sai ɗigo huɗu. Malam Dabo ya sa aka mayar da kawunan ɗigon nan gicciye, alamar da ake yi wa sautin da ake faɗa da ƙarfi ba rerawa ba, ya sa sunan a ƙasansu da karkataccen rubutu. A jerin mai bayarwa kuma, daidai wurin, ya sa alamar rufe baki da dogon layi a bayanta. A gefen hagu, inda ake rubuta sunan kowace murya, ya daɗe yana tunani kafin ya ce a rubuta *Mai wasa da maigida*. Sunan ya yi tsawo har ya tura layukan dama, waƙar da ke shafi ɗaya ta koma shafi biyu.

"Saje, jeri guda saboda kalma ɗaya?" in ji Shehu. "Ko 'yan takara ba sa ɓata mini takarda haka."

"Su ai sunansu suke so a gani. Ni so nake a san bakin da ya fito."

Da ya sake koya wa ɗalibai ya ɗauka, a wannan karon bai aika da kaset kaɗai ba. Ya ɗauki hayar mota ya ɗauko Gwaggo Saudatu zuwa Kambarawa, da sunan ta zo duba jikin Hajiya, ya bar su da Zuwaira a tsakar gida, ya koma buzunsa. Bayan tsofaffin biyu sun gama lissafin waɗanda suka rasu da waɗanda suka rage, Zuwaira ta nemi izini ta kunna. Mai bayarwa ta rera, ta iso wurin ta rufe baki, wata ɗaliba daban ta faɗi sunan daga gefe, a hankali, da ladabin wadda aka aika gidan surukai.

Sai Gwaggo Saudatu ta ce a mayar baya. Da aka sake isowa wurin, ta danne muryar ɗalibar da tata, har maƙwabta suka ji. Hajiya ta ɗauki maficin da ke hannunta ta kai mata duka a kafaɗa.

"Ke dai Saudatu ba ki da ta ido har tsufa!"

"Ni na aure shi? Ke kika ga katangar kika ce kina so."

Dariya ta kama Hajiya har tarin ya taso, Zuwaira ta kawo ruwa. Da numfashinta ya daidaita, sai ta ce, tana duban ƙasa ba ta dubi zaure ba:

"A hwaɗa ma Saje ɗiyar nan ladabi ya yi mata yawa. Ba gaisuwa aka aike ta ba. Da tsiya ake hwaɗa."

Daga nan ta juya ga Saudatu ta tambaye ta ko ta tuna wadda suka yi a gidan wani mahauci, ranar da ruwa ya tsinke musu ana tsakiyar aiki. Ba ta jira amsa ba ta ɗauko baitin farko, tana buga tabarma da tafin hannu, Saudatu ta karɓa da amshi. Waƙa ce da ba ta taɓa bayarwa ba. Zuwaira ta yi sauri ta cire kaset ɗin ɗalibai ta sa sabo, amma baitin farko ya wuce kafin ta danna, sai daga baya ta lallaɓa aka maimaita mata.

Daga ranar aka canja tsarin ɗauka. Ba a ƙara zaunar da Hajiya ita kaɗai ba. Duk mako Malam Dabo yakan aika a ɗauko Gwaggo Saudatu, kuma da yake su biyu ne, ɗaya tana tuna wa ɗaya, an samu waƙoƙin da ita kanta Hajiya ta ce ta manta da su. An ci gaba da haka har muryar Hajiya ta kasa, 'yan watanni kafin rasuwarta a 2007. Zuwaira tana ganin an kwashe mafi yawan abin da ke kanta, ko da yake babu mai iya tabbatar da hakan. Da yawa daga cikin waƙoƙin da aka ɗauka bayan sulhun suna da jeri na uku.

Saura saƙon da ta aika game da ladabin ɗalibar. A rubutun kiɗa akan sa 'yar kalma a saman layi domin a nuna wa mai rerawa yanayin da ake so, ko da taushi, ko da sauri, ko da ƙarfi, kuma bisa al'ada da Italiyanci ake rubuta su. Manhajar tana da jerinsu a shirye. Malam Dabo ya sa Shehu ya bi jerin daga sama har ƙasa, yana fassara masa waɗanda ya sani tun zamanin badujala, bai ga wadda ta yi kusa da abin da mahaifiyarsa take nufi ba. A ƙarshe ya karɓi allon maɓallan da kansa, ya buga da yatsa ɗaya. A kwafin da ya nuna mini a zaurensa, a saman ɗigo huɗun nan masu kan gicciye, an rubuta *da tsiya*.